Ƙoƙon Kan Dabba: Abin da Ya Kamata Makiyayi Ya Sani

Duk wanda ya taɓa tsayawa a kara ya ga yadda mai saye yake buɗe bakin sa ko rago kafin ya yi tayi. Shekarun dabbar yake nema, kuma a ƙashin kanta suke a rubuce. Saboda haka yana da kyau malamin gona da makiyayi su san yadda aka gina wannan sashe na jiki.

Ƙoƙon kai ba ƙashi ɗaya ba ne. Ƙasusuwa ne da yawa da suka haɗu, waɗanda mahaɗarsu take da taushi a jikin ɗan dabba, sai ta riƙa ƙarfi yayin da yake girma. Sashen baya shi ne ya rufe ƙwaƙwalwa, kuma yana da wata babbar kafa inda laka take fita ta shiga ƙashin wuya. Sashen gaba ya ƙunshi gurbin idanu da hanci da muƙamuƙin sama. Sai muƙamuƙin ƙasa, wanda shi ne yake motsi wajen tauna. Wannan tsari ɗaya ne ga dukkan dabbobi masu shayarwa, har da ɗan Adam, sai dai abincin kowace dabba ya sa siffar ta bambanta. Kare yana da haƙora 42 da manyan fiƙoƙi na yagar nama, ita kuwa saniya haƙoranta 32 ne, kuma muƙamuƙinta gefe da gefe yake tafiya domin niƙa ciyawa lokacin tuƙa.

Shanu da tumaki da awaki ba su da haƙoran gaba a sama, sai dasashi mai tauri. A ƙasa akwai guda 8, kuma su ake dubawa. Na yarinta ƙanana ne farare, suna faɗuwa biyu-biyu daga tsakiya, manya masu faɗi su maye gurbinsu. A tumaki da awaki, biyun farko sukan fito tsakanin shekara 1 zuwa 1 da rabi, baki kuma ya cika wajen shekara 4. A shanu, biyun farko sukan fito wajen shekara 2, amma shanunmu irin su Bunaji da Rahaji sukan ɗan yi jinkiri, musamman idan abinci ya yi ƙaranci da rani. Wanda zai sayi bijimin noma ko ragon turka, kada ya yarda da girman jiki kawai. Dabbar da haƙoranta suka cinye ko suka yi giɓi ba za ta ci abin da zai sa ta yi ƙiba ba, komai yawan dusa da harawa.

Tsakanin haƙoran gaba da turame akwai wani fili da babu haƙori. Ta nan ake sa bakin kwalbar magani, a bayar a hankali ba tare da an ɗaga kan dabbar sosai ba, domin kada maganin ya bi ta hanyar huhu.

Maganar ƙaho ita ce inda aka fi yin kuskure. Ƙaho yana da ƙashi a cikinsa wanda ya fito daga ƙashin goshi. A cikin ƙashin goshin akwai wani kogo na iska mai haɗe da hanci, kuma daga wajen wata 6 kogon yana miƙewa har cikin ƙahon. Idan aka yanke ƙahon babban sa daga tushe, to an buɗe ƙofa ke nan zuwa cikin kai. Jini zai zuba da yawa, ƙuda su yi ƙwai, tsutsa da ruɓa su biyo baya. Wanda yake son hana ƙaho fita sai ya yi tun maraƙi bai kai wata 2 ba, lokacin da tsiron bai manne da ƙashi ba. A 'yan awaki kuwa ƙashin wurin siriri ne ƙwarai, zafin ƙarfe yana iya taɓa ƙwaƙwalwa, don haka aikin likitan dabbobi ne.

Cikin waɗannan kogunan ne tsutsar wani ƙuda take zama a tumaki, shi ya sa ake ganin tunkiya tana yawan atishawa da majina, tana goga hanci a ƙasa. Akwai kuma cutar da take sa tunkiya ta yi ta zagaye wuri ɗaya. Wata jaka ce mai ruwa take tsirowa a cikin ƙwaƙwalwa, kuma asalinta ƙwan tsutsar cikin kare ne da ya zuba a kan ciyawa. Idan aka jefa wa kare kan irin wannan tunkiya, an sake shuka cutar ke nan a makiyaya. A binne kan ko a ƙone shi.

A lura kuma da kumburin muƙamuƙi. Mai taushi da yake reto a ƙarƙashin haɓa alama ce ta ƙarancin jini, galibi saboda tsutsar ciki ko ta hanta. Mai tauri da ya manne da ƙashi kuwa ciwo ne na ƙashin kansa, kuma maganin tsutsa ba ya yi masa komai.

Idan ana zargin haukan kare, ko ga kare ko ga saniya, kada a sa hannu a bakin dabbar, kuma kada a fasa kanta, domin ƙwaƙwalwar ake gwadawa. A sanar da ofishin likitan dabbobi mafi kusa, su ne za su ɗauki kan su aika wurin gwaji, kamar Cibiyar Binciken Cututtukan Dabbobi ta Ƙasa da ke Vom a Jihar Filato.