Lukla: Titin jirgin da ba ya yafe wa matuƙi kuskure

Ka kunna kwamfuta, ka zaɓi ƙaramin jirgi, sai ga ka cikin wani kwari mai zurfi a ƙasar Nepal. Dama tsauni ne, hagu tsauni ne. Can gabanka, a jikin dutse, akwai wani ɗan baƙin layi kamar an zana shi da fensir. Wannan layin shi ne titin jirgin Lukla, kuma a kansa ake so ka sauka. Mafi yawan masu gwadawa a karon farko, ko dai su daki gaɓar kwarin kafin su kai titin, ko su zarce su rungumi bangon da ke ƙarshensa. Sai allo ya yi baƙi, a sake daga farko.

Masu amfani da manhajar kwaikwayon tuƙin jirgi a gida sun mayar da Lukla wata irin jarrabawa. Manhajar Microsoft Flight Simulator, wadda ta fara fitowa a 1982, ta sa Lukla cikin filayen da aka ƙawata musamman a fitowarta ta 2020. Tambayar ita ce, me ya sa wannan ɗan titi yake kayar da wanda ya saba sauka lafiya lau a manyan filaye? Amsar tana cikin littafin Fiziks ɗinka.

Titin da ke jikin dutse

An gina filin a 1964 a ƙarƙashin jagorancin Edmund Hillary, ɗan ƙasar New Zealand wanda shi da Tenzing Norgay suka fara taka ƙololuwar tsaunin Everest a 1953. A 2008 aka raɗa wa filin sunayensu biyu. Daga nan mafi yawan masu hawan Everest ta ɓangaren Nepal suke fara tattaki, kuma mutanen yankin sun dogara da shi wajen shigo da kaya da fitar da marasa lafiya.

Tsawon titin mita 527 ne, wato kamar filin ƙwallo biyar a jere. Babban titin filin jirgin Malam Aminu Kano ya haura kilomita 3. Sannan titin Lukla ba a shimfiɗe yake ba, hawa ne na kusan kashi 12 cikin 100. Ka lissafa da kanka: wannan ƙarshen ya fi wancan tudu da kimanin mita 60. Saboda haka ta gefe ɗaya kawai ake sauka, ana hawa tudun don ya taimaki birki, ta ɗaya gefen kuma ake tashi, ana gangarawa zuwa bakin kwarin. Lambar da ke rubuce a bakin titin da ake sauka ita ce 06, ma'ana yana fuskantar wajen digiri 60 a kamfas, arewa maso gabas ke nan.

Iska ma tana sirancewa

Abin da ke ba sababbi mamaki ba gajartar titin ba ce kaɗai. Lukla yana kan tsayin mita 2,845 daga saman teku, inda kaurin iska bai wuce kashi uku cikin huɗu na wanda ke bakin teku ba. Fiffiken jirgi kuwa da iska yake ɗaukar nauyi. Idan iskar ta yi ƙaranci, dole jirgi ya ƙara gudu kafin ya samu abin da zai riƙe shi.

Ga inda tarkon yake. Agogon da ke nuna gudun jirgi yana auna ƙarfin iskar da ke bugun sa ne, ba tafiyar da yake ci a ƙasa ba. Idan agogon ya nuna kilomita 130 a awa a Lukla, ainihin gudun ya kai wajen 150. Da wannan gudun, jirgi zai cinye titin gaba ɗaya cikin ƙasa da sakan 13 idan bai rage ba. Duk sakan ɗaya da ka yi kana shawagi a saman titin ba ka taɓa ƙasa ba, ka yi asarar sama da mita 40. Injin ma ƙarfinsa yana raguwa, domin shi ma iska yake shaƙa.

Akwai kuma yaudarar ido. Titin da ke hawa tudu yana sa matuƙi ya ga kamar ya yi sama da yawa, sai ya sunkuyar da hancin jirgi, alhali daidai yake. Wannan ne ke sa da yawa su yi ƙasa fiye da kima su daki gaɓar da ke gaban titin.

Inda babu komawa baya

A manyan filaye, idan matuƙi ya ga saukarsa ba ta daidaita ba, sai ya ba jirgi wuta, ya sake tashi, ya zagayo. Wannan ba abin kunya ba ne, ana ma koyar da shi tun a darussan farko. A Lukla kuwa, da zarar jirgi ya matso kusa, tsaunin da ke bayan titin ya riga ya toshe wannan ƙofar. Tun daga nesa matuƙi zai yanke hukunci: ko ya shiga, ko ya juya ya koma Kathmandu.

A kwamfuta, wanda ya faɗi dariya zai yi ya danna maɓalli. A zahiri abin ba haka yake ba. A watan Oktoban 2008, wani jirgi ƙirar Twin Otter ya faɗi a bakin titin cikin hazo, mutum 18 suka rasu, matuƙin ne kaɗai ya tsira. Shi ya sa hukumar sufurin jiragen sama ta Nepal ba ta barin matuƙi ya jagoranci jirgi zuwa can sai ya tara gogewa a gajerun tituna, sannan ya yi sauka goma a Lukla tare da malami. Shi ya sa kuma yawancin jirage da safe suke zuwa, kafin iska da gajimare su cika kwarin, kuma fasinjoji kan kwana suna jiran gari ya washe.

Sauran filayen da ke gwada gwani

Kowane fili mai wuya da irin darasinsa. Paro da ke ƙasar Bhutan yana da titi mai tsawon sama da kilomita 2, har jiragen Airbus suna sauka, amma yana cikin kwari ne da tsaunuka masu kai wa mita 5,500 suka kewaye. Da ido ake bin kwarin, da rana kawai, ana lanƙwasa har zuwa dab da ƙasa. Courchevel a tsaunukan Faransa tsawonsa mita 537 ne, hawansa kuma ya haura kashi 18 cikin 100, ya fi na Lukla miƙewa. A tsibirin Saba da ke tekun Karebiyan, titin mita 400 ne kacal, kowane ƙarshe gaɓa ce da ke faɗawa teku. Masoya ƙwallo kuma za su so filin tsibirin Madeira, wanda aka sa wa sunan Cristiano Ronaldo a 2017. Wani ɓangare na titinsa yana kan ginshiƙai 180, matsalarsa kuma iska ce mai bugun jirgi daga gefe.

Yadda za ka fara

Ba sai kana da babbar kwamfuta ba. FlightGear kyauta ce, GeoFS a intanet ake buɗe ta ba tare da an sauke komai ba, X-Plane da Infinite Flight kuma suna da na waya. Sandar tuƙi ta fi daɗin aiki, amma linzamin kwamfuta ma yana yi.

Kada ka fara da Lukla. Ɗauki ƙaramin jirgi irin Cessna 172, ka je fili mai dogon titi, ka zaɓi alama ɗaya a kan titin, ka yi ta sauka har sai ƙafafun jirgin sun riƙa taɓa wurin a kai a kai. Ka lura da fitilu huɗun da ke gefen titi: biyu fari biyu ja na nufin kana kan layi, duka ja na nufin ka yi ƙasa da yawa. Bayan nan ka koma filin jirgin Yakubu Gowon na Jos, wanda ke kan tsayin kusan mita 1,300, ka ga yadda jirgin zai ƙara cin titi kafin ya tashi. Ka kuma gwada Kano, ka sa zafi ya kai digiri 40 kamar na watan Afrilu. Zafi ma yana sirantar da iska, har jirgin ya riƙa aiki kamar yana kan tsayin mita 1,500, alhali Kano ba ta kai mita 500 ba. Ka rubuta sakamakon a littafi, ka nuna wa malamin Fiziks ɗinku.

Sai ka kafa wa kanka doka guda: duk lokacin da gudu ko tsayi ya kauce, ka fasa saukar tun da sauran dama, ko da babu mai kallon ka. Awannin da ka yi a kwamfutar gida ba a ƙirga su wajen ba da lasisin tuƙi. Wannan sai a makaranta irin Kwalejin Fasahar Sufurin Jiragen Sama ta Zariya, wadda ita ma a 1964 aka kafa ta, kuma can za a nemi sakamakonka na Lissafi da Fiziks da Turanci. Amma ɗalibi ko ɗalibar da suka saba juyawa daga bakin kwarin Lukla idan gajimare ya rufe titi, sun riga sun fara koyon abin da malaman tuƙi ke shan wahalar cusa wa ɗalibansu.