Sayen gida a Birnin Damagaram: a san magada kafin a biya

A 'yan shekarun nan muna ganin 'yan kasuwar da ke zirga-zirga tsakanin Magarya, Matamaye da Maigatari suna sha'awar mallakar gida a Birni, tsohuwar unguwar Damagaram inda fadar Sarki take. Dalilinsu a bayyane yake. Nan ne Sarki Tanimun ya kewaye da ganuwa a ƙarni na 19, kuma garin ya riƙe matsayin babban birnin Nijar har 1926, lokacin da Faransawa suka mayar da shi Yamai.

To amma yawancin gidajen Birni na gado ne. Gida guda yakan zama na magada da dama, wasu suna Kano, wasu Agadas, wasu mata ne da aure ya kai nesa. Wanda dillali ya kawo maka, wataƙila rabonsa bai wuce ɗaki guda ba. In ka biya shi, daga baya wata ƙanwarsa ta zo ta ce ba da yawunta aka sayar ba, sai ciniki ya koma gaban alƙali, kuɗin da ya kamata su juya a kasuwa su kwanta shekara da shekaru.

Saboda haka muke jan hankali cewa kafin a ba da ko da kafin alƙalami, a nemi takardar rabon gado, kowane magaji ko wakilinsa ya sa hannu. A kira mai unguwa da maƙwabta su shaida iyaka, sannan a je ma'aikatar magajin gari a binciki takardun gidan, a mayar da su da sunan mai saye.

Sai kuma batun gini. Gidan ƙasa yana son yaɓe kafin kowace damina. A watan Satumba na 2024 ruwan sama mai ƙarfi ya rushe tsohon masallacin Birni, wanda ya haura shekara 150. A tafi da magini ya duba azara, indararo da gindin katanga. A kuma tuna lungunan unguwar matsattsu ne, babbar mota ba ta shiga wasunsu, don haka mai neman wurin ajiye kaya gara ya nema a bakin titi.

Allah ya sa a saya lafiya, a zauna lafiya.