Ciwon da ake rainawa, shi ke cin ƙoda

Daga watan Yuli zuwa Oktoba, tabkuna kan cika a karkarar Dakusa da sauran garuruwan gundumar Takeita. Yara na wanka a ciki, mata na wanki, dabbobi na sha. A nan ne tsargiya take. Ƙwayarta tana girma a jikin 'yan ƙananan dodon koɗi na cikin ruwa, ta fito ta huda fatar mai wanka, ta je ta zauna a jijiyoyin jinin da ke kewaye da mafitsara tana zuba ƙwai. Ƙwan nan ne ke ji wa mafitsara rauni, shi ya sa yaro ke fitsari da jini a ƙarshensa.

Har yanzu akwai iyayen da ke ɗaukar wannan jini alamar balaga. Wannan kuskure ne mai tsada. In aka bar tsargiya shekara da shekaru, tabon raunin kan toshe hanyar da fitsari ke bi daga ƙoda zuwa mafitsara. Fitsari ya rasa mafita, ya koma baya, ƙoda ta kumbura, ta yi ta lalacewa ba tare da wani zafin kirki ba. Alhali maganin, praziquantel, sha ɗaya ake yi masa, kuma tun 2004 Nijar ke raba shi kyauta ga yara a makarantu. In masu rabo sun zo, a ba yaro abinci, a bar shi ya sha.

Masassarar cizon sauro ba ta jiran shekaru. In ta yi tsanani tana fasa ƙwayoyin jini, ta toshe ƙananan jijiyoyin ƙoda, a cikin 'yan kwanaki tacewa ta tsaya. Duk mai masassarar da fitsarinsa ya koma baƙi kamar shayi mai kauri, ko ya wuni bai yi fitsari ba, ba na jiƙe-jiƙe ba ne, na asibiti ne a ranar. Haka amai da gudawa: ruwan jiki ya ƙare, jini ya kasa isa ƙoda. Mutanen Damagaram da Maraɗi sun ga abin da kwalara ta yi a 2021.

Akwai kuma wanda ba a cika sani ba. Yaro ya yi ciwon maƙogwaro, ko ƙazuwa ta yi masa ƙuraje masu ruwa, ya warke, kowa ya manta. Bayan sati biyu ko uku sai a ga fuskarsa ta kumbura da safe, ƙafafu sun tasa, fitsari ya ragu. Garkuwar jikinsa ce, wajen yaƙar ƙwayar cutar, ta taɓa matatun ƙoda. Yawancin yara na warkewa sarai in an kai su da wuri an duba hawan jininsu.

Mai juna biyu da ke jin zafin fitsari kada kunya ta hana ta faɗa a wurin awo. Sanyin mara kan hau sama ya kama ƙoda, da zazzaɓi da ciwon kwiɓi, har ya jawo haihuwa kafin lokaci.

Abin da ke ƙara dagula lamarin shi ne maganin kan tire na ranar kasuwa. Diclofenac da ibuprofen, in aka sha su jiki babu ruwa, suna ƙarasa ƙodar da cuta ta riga ta raunata.

Ana wankin ƙoda a Babban Asibitin Zinder, amma wanda ƙodarsa ta mutu gaba ɗaya, sau biyu ko uku zai riƙa zuwa kowane sati, muddin rai. Manomin da ke da gona da iyali a ƙauye ya san abin da hakan ke nufi. Don haka iyaye, ku riƙa duba fitsarin yaranku. In kun ga jini, ko baƙi, ko ƙaranci, ku kai su asibitin da ya fi kusa da ku kafin kwana ya kewayo.