Faɗa da Dodo: Daga Gatanar Tambuwal da Kebbe Zuwa Wasan Tebur na Turawa

1.0 Gabatarwa

Duk wanda ya tashi a ƙasar Tambuwal ko Kebbe, a kudancin Jihar Sakkwato, ya san cewa idan an ci tuwon dare yara suka kewaye kaka ana gatana, watau abin da Kanawa ke kira tatsuniya, ba inda hankali ke tashi kamar wurin da Dodo ya fito. A nan mai gyangyaɗi ke wartsakewa. Turawa ma suna da nasu dodon, wanda suke kira diragon, har sun gina wani wasa sukutum a kan yaƙi da shi. Manufar wannan maƙala ita ce ta kwatanta yadda ake ba da labarin wannan karo a wuraren biyu, don a nuna cewa nauyin labarin bai tsaya ga saran da ya kashe dodon ba. Yana ga tambayar da ke biyo baya: wa ya kashe shi, kuma mece ce shaidarsa?

2.0 Wasan Tebur

A shekarar 1974 wasu Amurkawa biyu, Gary Gygax da Dave Arneson, suka fito da wasan da suka raɗa wa suna Dungeons & Dragons. Ba shi da dandamali, ba shi da 'yan kallo. Mutum huɗu ko biyar ne ke zama kewaye da tebur, kowa ya ɗauki matsayin wani jarumi, wannan mayaƙi, wancan mai sihiri, wancan ɓarawo. Ɗaya daga cikinsu shi ne jagora. Shi ke siffanta daji da kogo, shi ke magana da bakin abokan gaba. Kowane ɗan wasa yakan faɗi abin da jaruminsa zai yi, amma ba shi ke yanke hukuncin ko ya yi nasara ba. Ƙwaya ake jefawa irin ta ludo, sai dai mafi muhimmanci a cikinsu fuska 20 gare ta. In lambar da ta fito ta kai abin da ake bukata, sara ya kama. In ta kasa, ya kuskure. Ba a sa kuɗi, saboda haka ba caca ba ce.

Labari guda yakan ɗauki watanni ana ci gaba da shi zama bayan zama, kuma sau da yawa ƙololuwarsa ita ce haɗuwa da diragon, wani ƙaton ƙadangare mai fukafukai, mai fesa wuta, wanda ke kwance a kan dukiya. Wannan siffa tsohuwa ce a adabin Turai, tun daga waƙar Beowulf har zuwa littafin The Hobbit na Tolkien na 1937. A ƙa'idar wasan ta yanzu, kowane zagaye na faɗa daƙiƙa 6 ne a cikin labari. Ke nan zagaye 10 minti ɗaya ne kacal, alhali a bisa tebur yana iya cin sa'o'i ana lissafi ana gardama. Ba wanda ya san ƙarshen, har shi jagoran, domin jarumin da aka yi wata shida ana reno yana iya mutuwa da jifa guda.

3.0 Dodo a Gatana

Wannan wasa bai zama ruwan dare a ƙasar Hausa ba. Abin da ya fi kusa da shi a wurinmu shi ne zaman gatana, inda mai bayarwa ke riƙe da zaren labari, masu sauraro suna amshi, suna tambaya, suna gyara mata in ta tsallake wani wuri. Muna kuwa da rubutacciyar shaida mai yawa game da tatsuniyoyin wannan yanki, domin Litafi na Tatsuniyoyi na Hausa, wanda Frank Edgar ya buga juzu'i uku tsakanin 1911 da 1913, da yawa daga abin da ke cikinsa malaman ƙasar Sakkwato ne suka rubuta da ajami.

In an lura, Dodo ya bambanta da diragon ta hanyoyi uku. Na farko, ba shi da tsayayyiyar siffa; wani lokaci yana cikin ruwa, wani lokaci a daji, wani lokaci ma ya rikiɗe ya zama kyakkyawan saurayi ya auri budurwar da ta ƙi kowa. Na biyu, abin da yake tarewa ba zinariya ba ce, hanyar rayuwa ce: ruwa, ko fita da dare, ko 'ya'yan gari. Na uku, ba kasafai ake cin sa da ƙarfi ba, sai da wayo. Alal misali, a tatsuniyar Auta, Dodo yana zagaya gari da dare yana waƙar cika baki, kowa ya yi tsit, sai yaron nan ya amsa masa, yana jefa masa duwatsun da ya gasa a wuta, shi kuwa yana haɗiyewa har ya mutu. Faɗan kansa bai fi 'yan jimloli ba.

4.0 Matsalar Shaida

Bayan mutuwar Dodo gatana ba ta ƙarewa, hasali ma a nan take ƙara zafi. Da dare aka yi kisan, ba mai gani. Gari ya waye, Sarki ya tara jama'a, masu ƙarya suka yi ta fitowa kowa na cewa shi ne. Sai wanda ya kawo wutsiya, ko wanda takalmin da aka bari a wurin ya yi wa daidai, shi ke cin lada. Haka zancen yake a labarin Bayajida: ya kashe macijiyar rijiyar Kusugu a Daura da dare, ya yanke kanta ya ɓoye, sai da aka nemi shaida ya fito da shi. A rabe-raben tatsuniyoyin duniya na Aarne da Thompson, irin wannan labari shi ne mai lamba 300, kuma a zubin Turai jarumin harshen diragon yake yankewa, don ya ƙaryata wanda ya zo da kawuna. Shi ma Vladimir Propp, a nazarinsa na 1928, ya lissafa da'awar jarumin ƙarya da tona asirinsa cikin matakan tatsuniya.

To, ina shaida a wasan tebur? Ba wutsiya, ba kai, tun da komai a baki aka yi shi. Shaidar ita ce ƙwaya da abokan zama. Shi ya sa idan ɗan wasa yana ba da labarin karon, da wuya ya manta da faɗin cewa saura kaɗan jaruminsa ya mutu, ya jefa, 20 ta fito, kowa na gani. Lambar nan ita ce wutsiyar Dodonsa. Ita ke raba labarinsa da shaci-faɗi, domin tana nuna cewa abin yana iya kasancewa akasin haka.

5.0 Harshen Ba da Labarin

A nan ne mai nazarin harshe zai sami abin dubawa. Lokacin da ake cikin wasa, maganar duk ta niyya ce da zaton abin da zai zo: zan sare shi, bari in ɓuya, in ya juyo ku watse. Da an tashi, aka koma ba da labari, sai a shiga shuɗaɗɗen lokaci na biyu, wanda shi ne lokacin jera aukuwa a Hausa. Sakkwatanci, karin harshen Tambuwal da Kebbe, ya fi daidaitacciyar Hausa fito da wannan a fili. Inda Bakano zai ce, sai dodon ya taso mana, muka watse, aka bar Auta shi kaɗai, Basakkwace cewa zai yi, sai dodon yat taso muna, munka watse, anka bar Auta shi ɗai. A rubutun yau da kullum ya ɗin Bakano ba ya nuna wane shuɗaɗɗen lokaci ne, sai an ji tsawon wasalin, amma yat da munka da anka ba su bar shakka.

Wannan sauyi ba na nahawu kaɗai ba ne. Jerin munka da anka yana ɗinke abubuwan da suka faru bisa sa'a su zama kamar dole ne su faru. Sa'o'in lissafi sukan koma minti biyar, a zubar da jifan da ba su yi amfani ba, a bar guda biyu ko uku. Mafarautan ƙasar nan sun daɗe da sanin wannan dabara: yini guda na yawo a daji da rani, a bakin mai kirari, ba ya wuce lokacin da nama ya juyo aka yi ido huɗu. Watau dai wasan da ya fara da rashin sanin ƙarshe, a bakin mai ba da labari gatana yake komawa.

6.0 Kammalawa

Yaran Tambuwal da Kebbe na yau suna ganin diragon a wayar hannu da finafinai, wani ma kafin ya ji labarin Auta. Idan malami ko marubuci ya fassara diragon da Dodo kai tsaye, ya kawo masa fukafukai da wuta da takobi, to sunan ya tsira amma halin ya tafi. Wanda ke son ya aro tsarin wannan wasa don koyar da adabi, kuma ya cancanci a aro shi, ya kamata ya bar Dodo da halinsa: ya tare ruwa ko hanya, a ci shi da wayo da amsa waƙa, sa'an nan a ware zama guda na fadar Sarki inda kowane ɗalibi zai kawo shaidarsa. Su kuwa masu bincike, yana da kyau su naɗi gatana guda daga bakuna da yawa a garuruwa irin su Dogon Daji da Sanyinna da Kuchi, su auna tsawon faɗan da tsawon neman shaida a kowane zubi.