Rubutun Kano Ya Shiga Kwamfuta

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Bayan haka, ya ku malamai da 'yan kasuwa, ga abin da na gani da idona.

Ran nan wani ɗan kasuwa a Tarauni, wanda ɗansa ke karatu a wurina, ya aiko a kira ni. Na hau A Daidaita Sahu daga Gyaɗi-Gyaɗi, na iske shi ya yi tagumi. Littafin bashinsa na shekaru, duk da ajami, ruwan damina ya taɓa shi, tawada ta soma narkewa. Ya kai wani shago a buga masa a kwamfuta, aka ce sai an juya shi boko, shi kuwa ba ya karanta boko. To, ƙaƙa mutum zai bi bashi da takardar da sai wani ya karanta masa?

Wannan magana ta "sai an juya" ba yau ta fara ba. Nasara sun ci Kano a 1903, a 1909 Ɗan Hausa ya buɗe makarantarsa a Nasarawa, boko ya zama rubutun ofis, ajami ya koma zaure da kasuwa. A 2007 aka cire shi daga takardun naira 5 zuwa 50, a 2014 kuma daga ta naira 100.

Sai na kai shi wajen wani tsohon almajirina mai shago kusa da Asibitin Malam Aminu Kano. Yaron nan ya buɗe wata manhaja wai ita LibreOffice, ta rubuta wasiƙa da jera lissafi. Ba a sayenta. Wata ƙungiya ce ta masu aikin sa kai ta kafa ta a 2010, mazauninta yana Jamus, kuma ba su ɓoye yadda aka gina ta ba: kowa na iya kwafa, ya gyara, ya ba wani. Ni dai da wakafi na kwatanta ta, kamar rijiyar bakin hanya.

Abin da ya fi ba ni mamaki haruffan ne. Akwai wani zubi mai suna Alkalami, shi ma kyauta, wanda aka zana bisa rubutun Kano, mai kauri, fa da ɗigonta a ƙasa, ƙaf da ɗigo ɗaya a sama, kamar yadda muka koya a allo. Har angai mai ɗigo uku, wanda da shi ake fara sunan unguwarmu, yana nan. Sai a 2020 aka shigar da shi cikin jerin haruffan kwamfuta na duniya.

Amma fa kada in yi muku daɗin baki. Aikin da nawa yake, don sa wasali yana cin lokaci, kuma na'ura ba ta gyara wa kowa kuskuren ajami. Dole mai ilmi ya zauna kusa da mai bugawa.

Haka muka yi. Ina karantawa, yaro yana bugawa, mai littafi yana duban allon kwamfuta yana cewa na'am. Kafin la'asar mun ci rabi. Sunaye huɗu ruwa ya cinye sarai. Ya tuno uku, na huɗun yana nan yana tunani. Ran Asabar za mu koma, in Allah ya yarda.

Haza wasalam.