Thomas Adeoye Lambo da Binciken Taɓin Hankali a Najeriya

A lokacin da Thomas Adeoye Lambo ya dawo Najeriya a shekarar 1954, bayan ya karanta likitanci a Jami'ar Birmingham kuma ya ƙware a fannin cututtukan taɓin hankali a asibitin Maudsley da ke Landan, abin da gwamnatin mulkin mallaka ta tanadar wa masu wannan lalura bai wuce gidajen tsarewa irin na Yaba da Kalaba ba, inda kulle mutum ya fi yi masa magani yawa. Haka kuma ra'ayin da ya yi rinjaye a tsakanin likitocin Turawa shi ne na J. C. Carothers, wanda ya yi aiki a Kenya, wanda kuma a littafinsa na 1953 ya kwatanta tunanin Baƙar fata da na Baturen da aka yi wa tiyata a gaban ƙwaƙwalwa. Lambo, haifaffen Abeokuta a 1923, bai tsaya ga musanta wannan magana da fatar baki ba. Hujja ya nema daga majinyatan da ke gabansa.

A maƙalarsa ta 1955 ya nazarci Yarabawa masu fama da ciwon zargi, wato yanayin da mutum yake sakankancewa cewa ana bibiyarsa ko ana ƙulla masa sharri ba tare da wani dalili ba. Ya nuna cewa wanda bai shiga makarantar boko ba yakan danganta abin da yake ji ga maita da sammu, shi kuwa ɗan boko alamominsa sukan yi kama da na majinyatan Turai, wanda hakan ke nufin cutar ɗaya ce, al'ada ce kawai take ba ta harshen da take magana da shi.

Abin da ya fi fito da sunansa shi ne tsarin ƙauyen Aro. Da yake ginin asibitin taɓin hankali da ake yi a Aro, kusa da Abeokuta, bai kammala ba, sai ya shawo kan mutanen ƙauyukan da ke kewaye su karɓi majinyata haya a gidajensu, bisa sharaɗin kowane majinyaci ya zo da ɗan uwansa, galibi uwa ko 'yar uwa, wadda za ta dafa masa abinci, ta wanke masa tufafi, ta raka shi asibiti da safe a ba shi magani, sannan su koma masauki da yamma. Ta haka majinyaci yake ci gaba da shiga kasuwa da gaisawa da maƙwabta, likita kuma yake samun damar ganin halinsa a cikin jama'a, abin da ɗakin asibiti ba zai taɓa nuna masa ba. Lambo ya kuma jawo masu maganin gargajiya cikin aikin, lamarin da ya ɗaure wa abokan sana'arsa kai, amma hujjarsa mai ƙarfi ce, domin su ne iyalai suke fara zuwa wurinsu, kamar yadda a ƙasar Hausa akan fara da malami ko boka kafin a tuna da asibiti.

Ta fuskar ilimi kuwa, aikin da ya fi nauyi shi ne binciken haɗin gwiwa da Alexander Leighton na Jami'ar Cornell ta Amurka, wanda aka buga a 1963. An bi ƙauyuka da garin Abeokuta ana yi wa mutane tambayoyi, aka kwatanta sakamakon da na wani yanki na Kanada, aka tarar kamancin alamomin ya fi bambancinsu yawa, har da ciwon damuwa mai tsanani da aka daɗe ana cewa da wuya ya kama ɗan Afirka. Kafin nan, a 1961, ya tara likitocin nahiyar a Abeokuta domin taronsu na farko kan wannan fanni.

Daga nan muƙamai suka biyo baya: farfesa a Jami'ar Ibadan, shugabanta daga 1968 zuwa 1971, sannan Hukumar Lafiya ta Duniya, inda ya kai matsayin mataimakin babban darakta har zuwa 1988. Ibadan tana cikin cibiyoyin da hukumar ta zaɓa domin bincikenta na ƙasa da ƙasa kan sikizofireniya, cutar da ke sa mutum jin muryoyi da rikicewar tunani, kuma sakamakon ya nuna majinyatan Ibadan da na Agra ta Indiya sun fi na ƙasashe masu arziki samun sauƙi bayan wasu shekaru. Masana da dama sun danganta hakan ga riƙon dangi, wasu kuma sun soki yadda aka zaɓi majinyatan, kuma har yau muhawarar ba ta mutu ba.

Shi tsarin ƙauyen bai ɗore a siffarsa ta farko ba, domin ya dogara ga ƙauye mai zaman kansa da kuma dangin da ke da sukunin barin gona ko kasuwa na tsawon watanni. Lambo ya rasu a 2004, sai a Janairun 2023 aka sanya hannu kan sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da ta maye gurbin dokar 1958 da Najeriya ta gada daga Turawa.