Kura da Fatar Akuya a Cikin Huhu

Na daɗe ina mamakin yadda sankarar huhu ke girma, alhali jiki na da dakarunsa, wato fararen ƙwayoyin jini. Ashe kowace ƙwayar halitta tana sanye da rigar sukari, amma ba irin na shayi ba. Wannan riga na taimakon dakarun su gane ɗan gida. To, ƙwayar sankara takan lulluɓe kanta da wani sukari mai suna sayalik asid. Dakarun na taɓa shi, sai su ajiye makamai su wuce. Carolyn Bertozzi ta Amurka, wadda ta sami lambar Nobel a 2022, ta binciki hanyar aske sukarin nan don asirin sankara ya tonu. Mu kuwa, mu guji taba, babban sanadin cutar.